Oliver Heaviside: Masanin da ya yi ilimi a ɗaka

An haifi Oliver Heaviside a ranar 18 ga Mayu, 1850, a unguwar Camden Town da ke Landan, a gidan da abin hannu bai wadata ba. Wani zazzaɓi da ya kama shi yana yaro ya taɓa masa ji, ya bar shi da rabin kurumta da ta sa ya tashi ba mai son shiga jama'a ba. Ya bar makaranta yana da shekara 16, bai kuma sake zama a wani aji ba.

Mijin innarsa, Charles Wheatstone, na cikin waɗanda suka ƙirƙiro tangarahu a Ingila. Ta wannan hanya ya samu aikin buga waya a 1868, da farko a Denmak, daga baya a Newcastle. A 1874 ya ajiye aikin, ya koma gidan iyayensa da littafin James Clerk Maxwell kan lantarki da maganaɗisu, wanda ya fito shekara guda kafin nan. Wannan aikin ne kaɗai ya taɓa yi na albashi.

Shekarar tana da ma'ana. A 1874 ɗin ne aka buɗe ɗakin bincike na Cavendish a Jami'ar Kambirij, ƙarƙashin Maxwell ɗin. Kafin lokacin, kimiyya a Birtaniya sana'ar masu sha'awa ce: Darwin ya yi bincikensa a gidansa da dukiyar gado, Joule ɗan mai kamfanin giya ne, Faraday kuwa daga shagon ɗinkin littattafai ya fito. Yanzu sai ga digiri da kujerun farfesa da mujallun da ba sa buga rubutu sai alƙalai sun tantance. Heaviside ya shigo fagen daidai lokacin da ake sa masa ƙofa.

Shekaru ya kwashe yana fama da littafin Maxwell shi kaɗai, yana koyon lissafin da yake buƙata a kan hanya. Zuwa 1885 ya tattara tarin ƙa'idojin Maxwell masu wuyar bi ya mayar da su guda huɗu, kuma kusan a wannan siffa ɗaliban kimiyyar lantarki ke karanta su har yau, da sunan Maxwell. Yawancin rubutunsa a mujallar 'yan sana'a ta The Electrician ya fito.

Rigimarsa ta farko da masu muƙami ta taso a 1887. Matsalar zamanin ita ce murya na dusashewa ta gurɓace idan layin tarho ya yi nisa. Lissafin Heaviside ya nuna cewa ƙara wa layin wani ƙarfi na maganaɗisu zai gyara ta. William Preece, babban jami'in lantarki a Hukumar Gidan Waya, ya ɗauki wannan ƙarfin abokin gaba, ya hana fitar da takardar da Heaviside ya rubuta tare da yayansa Arthur, ma'aikacin hukumar. Gaskiya tana wajen Heaviside. A 1900 Michael Pupin na Jami'ar Kolombiya ya samu rajistar mallakar na'urar da ke aiki bisa wannan tunani, kamfanin AT&T na Amurka ya saya da kuɗi mai kauri. Mai tushen maganar yana can yana lissafin kuɗin haya.

Ta biyun ta fi ciwo, domin daga 'yan'uwa masana ta zo. Ƙungiyar Royal Society ta zaɓe shi mamba a 1891, ta buga masa kashi biyu na wani aiki kan sabuwar dabararsa ta warware lissafi. Kashi na uku sai aka miƙa wa William Burnside, masanin lissafi ɗan Kambirij, aka ƙi bugawa a 1894. Dabarar tana ba da amsa daidai, amma mai ita bai kawo hujjar da malaman lissafi ke nema ba. Alƙalan ba su rasa madafa ba, don sai bayan shekaru wasu suka kafa hujjar. Shi ma Heaviside ba kanwar lasa ba ne: alƙalaminsa na da kaifi, rubutunsa na da duhu, kuma ya sha mayar da taimakon abokai don kada a ce sadaka ya karɓa. Da ƙyar ya amince da fanshon gwamnati na fam 120 a shekara a 1896.

A 1902 ya yi hasashen cewa can sama akwai wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki da ke dawo da igiyar rediyo ƙasa. Arthur Kennelly ya faɗi haka a Amurka a shekarar, shi ya sa rufin ke ɗauke da sunayensu biyu. Irin wannan dawowar ce ke kai shirye-shiryen gajeren zango ƙasashe masu nisa. Jami'ar Gottingen ta Jamus ta ba shi digirin girmamawa a 1905, ya kuma zama na farko da ya karɓi lambar yabo ta Faraday a 1922.

Ƙarshen rayuwarsa a garin Torquay ya yi, shi kaɗai a gida, cikin sanyi da bashi. A Disamban 1924 Edward Appleton, masanin jami'a mai kayan gwaji, ya tabbatar da wanzuwar rufin. Heaviside ya rasu a ranar 3 ga Fabrairu, 1925, yana da shekara 74, aka binne shi a Paignton kusa da iyayensa.