Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato: Rayuwarsa da Darasin Zaman Tare a Kaduna

A kan titin Rabah da ke arewacin birnin Kaduna akwai gidan da ake kira Arewa House. A nan ne Firimiyan Jihar Arewa, Alhaji Sir Ahmadu Bello, ya zauna, a nan ne kuma sojoji suka kashe shi a ranar 15 ga Janairu 1966. Tarihin wannan bawan Allah yana da amfani ga mutanen karkara da masu riƙe da al'amuran jama'a, domin ya yi fama da matsaloli biyu da har yau ba su rabu da mu ba: rainin da wasu ke yi wa Musulmi, da jahilci da talaucin da ke jefa matasa cikin tsattsauran ra'ayi.

An haife shi a garin Rabah kusa da Sakkwato a shekarar 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne hakimin Rabah, kuma zuriyarsu ta fito daga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya fara da karatun allo, ya shiga makarantar boko a Sakkwato, sannan ya wuce Kwalejin Katsina, inda ya gama a 1931. Ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato har zuwa 1934, lokacin da aka naɗa shi hakimin Rabah. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi bai samu ba, aka naɗa Abubakar na Uku, shi kuma aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau. Aikin hakimci ya koya masa halin da talakan ƙauye ke ciki, kuma wannan sanin ya yi masa jagora bayan ya shiga siyasa.

A 1953 ya ga raini da idonsa. Da aka gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1956 a majalisar Legas, wakilan Arewa sun ƙi amincewa da wa'adin, saboda Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilimin zamani. Taron jama'a ya yi musu ihu a titi, wasu jaridu suka riƙa nuna su a matsayin jahilai 'yan amshin shatan Turawa. Bayan 'yan makonni rikici ya ɓarke a Kano, aka yi asarar rayuka. Sardauna ya fahimci cewa fushi ba ya maganin raini, don haka da ya zama Firimiya a 1954 sai ya mai da hankali ga ilimi. Aka ƙarfafa shirin Yaƙi da Jahilci domin manya su koyi karatu da rubutu a ƙauyuka, aka tura matasa makarantu a gida da waje, kuma a watan Oktoba na 1962 aka buɗe jami'ar da ke ɗauke da sunansa a Zariya.

Haka kuma ya san cewa Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya ne suka haɗu suka zama Arewa, kuma kowane ɓangare yana da abin da yake tsoro. Ƙananan ƙabilu sun kai kokensu gaban Hukumar Willink a 1957 zuwa 1958, suna fargabar kotunan alƙalai. Sardauna ya kafa kwamitin masana shari'a a 1958 a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da masana daga Pakistan da Ingila. Sakamakon aikinsu aka samu dokar manyan laifuffuka ta Arewa da ta fara aiki a 1960, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci domin al'amuran aure, gado da wasiyya. A majalisar ministocinsa akwai Kiristoci irin su Michael Audu Buba da George Ohikere, likitansa kuwa shi ne Dokta Ishaya Audu, wanda daga baya ya shugabanci jami'ar Zariya. Taken gwamnatinsa shi ne aiki da ibada.

Ta fuskar addini, ya fara zuwa aikin hajji a 1955, kuma ya zama mataimakin shugaban Rabiɗar Duniyar Musulunci da aka kafa a Makka a 1962. A wannan shekarar ce aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, da nufin haɗa kan Musulmi da tsara wa'azi da makarantu a hannun malamai sanannu. Sai dai tarihi ba ya ɓoye sauran ɓangaren. Rangadin musuluntar da jama'a da ya yi daga 1963 zuwa 1965 ya tayar da hankalin Kiristoci da dama, waɗanda suka ga kamar an haɗa ƙarfin gwamnati da wa'azi. 'Yan adawa na NEPU sun koka da ɗauri da tsangwama a kotunan En'e, kuma an zubar da jini a ƙasar Tibi a 1960 da 1964. Waɗannan ma darasi ne, domin duk inda wani ɓangare ya ji ba a yi da shi, zargi yakan samu wurin zama.

Da asubahin Asabar, 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, sojoji a ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka kai hari gidansa, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. Abin da ya biyo baya sananne ne: kashe-kashen ramuwa a wannan shekarar, sannan yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970.

Shekarun da suka biyo bayan rasuwarsa sun nuna hatsarin barin matasa ba ilimi ba sana'a. A watan Disamba na 1980 rikicin Maitatsine ya ci rayuka fiye da 4,000 a Kano, kuma yawancin mabiyansa matasa ne da suka baro ƙauye suka rasa madafa a birni. A 1982 wutar ta taɓa Rigasa a Kaduna. Sai rikicin Kafanchan a 1987, na Zangon Kataf a 1992, da na Kaduna a 2000 da 2002, waɗanda suka raba birnin gida biyu, yawancin Musulmi a arewacin kogi, yawancin Kiristoci a kudancinsa. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka da tayar da ƙayar bayan Boko Haram a 2009, wasu sun shiga yi wa Musulmi kuɗin goro, alhali kuwa malamai, masallata da sarakunan Musulmi suna cikin waɗanda 'yan ta'adda suka kashe. Irin wannan kallon yana ƙara wa masu tsattsauran ra'ayi ƙarfi, domin da shi suke yaudarar yaro cewa duniya duka ta tsane shi.

Saboda haka hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi suna da aiki a gabansu. Su san baƙon mai wa'azin da ya sauka a yankinsu da abin da yake koyarwa, su tabbatar yara suna zuwa makaranta, su raba taki da rijiyoyi da guraben aiki ba tare da duba addini ba, su kuma kashe jita-jita tun tana ƙarama ta hanyar zama da limamai da fastoci. Tun 1970 gidan Sardauna ya zama cibiyar adana tarihi, wadda daga baya ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ya kamata makarantunmu su riƙa kai ɗalibai can. Allah ya jiƙan Gamji da rahama, ya ba jiharmu zaman lafiya mai ɗorewa.