Bala Miller: Makaɗin da ake tsallakewa a gardamar zamanin waƙa

A rumfunan Kantin Kwari da ofisoshin Sakatariyar Audu Bako, har zuwa majalisun garuruwa irin su Kademi da ke Ƙaramar Hukumar Gaya, akwai gardamar da ba ta tsufa: a wane zamani ne waƙar Hausa ta fi armashi? Dattawa su riƙe Shata da Ɗanƙwairo, matasa su riƙe mawaƙan situdiyo. Kowane ɓangare yana magana tamkar daga kalangu aka yi tsalle aka dira kan fiyano. Alhali akwai zamanin da ke tsakani, na jita da ƙahon Turawa, kuma jigonsa a Arewa shi ne marigayi Bala Miller.

An haife shi a Pankshin ta Jihar Filato ta yanzu a 1928. Mahaifinsa limamin coci ne, mutumin Zariya. Da aiki ya kai iyalin Lakwaja, a makarantar mishan ta can yaron ya fara taɓa kayan busa, ya shiga ƙungiyar badujalar makarantar tun bai kai shekara goma ba. Daga nan ya wuce makarantar CMS Grammar School da ke Legas.

Ba da kiɗa ya fara neman abinci ba. Ma'aikacin kamfani ne, ya yi aiki da Lever Brothers, daga baya kuma da kamfanin mai na BP. Da rana ofis, da dare busa ƙaho a ƙungiyar Samuel Akpabot, a lokacin da kiɗan hailaif ke tashe a Legas. Wannan ma ya bambanta shi da yawancin makaɗan fada na ƙasar Hausa, waɗanda suka gaji sana'ar kuma suka dogara da iyayen gida.

A shekarun 1970, bayan yaƙin basasa, matasan Kudu sun rungumi kiɗan rok na Amurka da Ingila, ƙungiyoyi irin su BLO da Funkees da Ofege suka yi suna. Bala Miller bai bi su ya koma rera Turanci zalla ba. Ya ɗauki kayan kiɗan nan na zamani ya ɗora musu Hausa, kuma ya lura cewa babbar matsalar Arewa ita ce rashin masu iya sarrafa su. Don haka ya sa hannu wajen kafa makarantar koyon kiɗa a Kano a 1973. A ganina wannan ne aikinsa mafi nauyi, ko da yake shi aka fi mantawa.

Ya yi aiki a shirye-shiryen bikin FESTAC na 1977, kuma ya kafa ƙungiyarsa mai suna Great Music Pirameeds of Afrika, sunan da ke tuna wa Bakano dalar gyaɗa. Ta fara da mutum 12, ta kai 28. Ma'aikatan da suka mallaki talabijin a shekarun 1980 ba za su rasa tuna shirinsa na Bala Miller Show a NTA ba.

Sai dai ƙungiya mai mutum 28 baki 28 ce da za a ciyar, ga kayan kiɗa da ake sayowa daga waje da kuɗi masu yawa. Da fiyano mai ƙwaƙwalwa ya shigo situdiyoyin Kano a shekarun 1990, mutum ɗaya ya riƙa fitar da amon da a da sai an tara jama'a. Ya fi araha, babu musu, amma matashi ya daina ganin dalilin ɓata shekaru yana koyon busa.

Bala Miller ya rasu a 2003. Shekara biyu kafin nan, wani kamfanin faifai na Landan ya tattara fitattun kiɗe-kiɗen Najeriya na shekarun 1970 a kundi mai suna Nigeria 70, ya sanya waƙarsa ta Ikon Allah a jere da na Fela Kuti da BLO da Sahara All Stars ta Jos.