Rene Dekart, mai haɗa lissafi da zane

An haifi Rene Dekart ran 31 ga watan Maris 1596, a La Haye, wani ƙaramin gari na ƙasar Faransa. Yana da shekara ɗaya uwarsa ta rasu, sai kakarsa ta riƙe shi. Yaro ne marar ƙoshin lafiya, amma mai yawan tambaya. Ya yi karatu a makarantar La Flèche. A 1616 ya gama koyon shari'a a Poitiers. A 1618 ya shiga soja a ƙasar Holand. Daga baya ya zauna can wajen shekara 20, yana tunani yana rubutu.

A 1633 ya ji labari an hukunta Galile a Roma, don ya ce duniya ce take kewaya rana. Shi ma Dekart haka ya rubuta cikin wani littafi. Tsoro ya kama shi, ya ɓoye littafin. Amma bai daina aiki ba. A 1637 ya fitar da wani sabo. Malaman zamaninsa da Latin suke rubutu. Shi kuwa da Faransanci ya rubuta, don kowa ya iya karantawa.

Cikin wannan littafi ya nuna yadda ake bayyana zane da lambobi. Shi ne ya saba wa mutane sa x, y da z a madadin lambobin da ba a sani ba. Masana da suka biyo bayansa suka kyautata dabarar, har ta zama wadda muke koyo a aji.

Ga yadda take. Ku ja layi biyu, ɗaya kwance, ɗaya tsaye, su gitta juna. Ku raba su taki taki, kowane taki daidai da ɗan'uwansa. Daga mahaɗarsu, ku yi taki 2 dama, taki 4 sama, ku ɗiga ɗigo. Ku koma mahaɗar, ku yi taki 2 hagu, taki 4 sama, ku ɗiga wani. Ku naɗe takardar bisa layin tsaye. Ɗigon nan biyu za su hau kan juna kamar tagwaye. Wannan shi ne daidaiton ɓangare biyu. In kun zana rabi da kyau, ɗaya rabin ba wuya.

A 1649 sarauniya Kiristina ta ƙasar Suwed ta kira shi ya koya mata. Dekart ya saba da barcin safe, ita kuwa da ƙarfe 5 na asuba take son darasi, ga tsananin sanyi. Ciwo ya kama shi, ya rasu a Istokolm ran 11 ga watan Fabrairu 1650, yana da shekara 53. Garin da aka haife shi yanzu sunansa yake ɗauke da shi.

Tambayoyi
1. Me ya sa Dekart ya ɓoye littafinsa a 1633?
2. Ku ɗiga ɗigo taki 3 dama, taki 9 sama. Ina tagwaicinsa yake?