Hajiya Gambo Sawaba: Marainiyar da aka aurar tana shekara 13 ta zama uwar talakawa

Duk matar da ta taɓa raka 'yar uwarta mai lalurar yoyon fitsari zuwa Zariya ta san babban asibitin nan na Ƙofar Gayan da ake kira da sunan Hajiya Gambo Sawaba. Mai wannan suna ko firamare ba ta gama ba, ballantana karatun likita. Amma wanda ya san rayuwarta ba zai yi mamakin ganin sunanta a ƙofar asibitin da ake ɗinke 'yan matan da haihuwar wuri ta yi wa illa ba.

An haife ta a ranar 15 ga Fabrairu, 1933. Mahaifinta, Isa Amartey Amarteifio, mutumin Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Zariya, mahaifiyarta Fatima kuwa Banufiya ce. Sunanta na yanka Hajaratu, amma da yake tagwaye take bi, sai aka riƙa kiranta Gambo kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa. Tun tana ƙarama an san ta da shiga faɗan da ba nata ba in ta ga ana cin zalin yaro, da kuma jan masu taɓin hankali a jiki lokacin da sauran yara ke jifansu.

An sa ta makarantar En'e ta Tudun Wada, sai mahaifinta ya rasu a 1943, bayan shekara uku mahaifiyar ma ta bi shi. Nan karatu ya tsaya. Tana shekara 13 aka ɗaura mata aure da wani tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya sa ƙafa ya tafi tana ɗauke da cikin fari, bai sake waiwayo ba. Allah Ya sauke ta lafiya, amma wannan ɗanɗano na maraici da ciki a ƙuruciya bai taɓa barin bakinta ba.

A watan Agustan 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, jam'iyyar talakawa wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya. Gambo ta shige ta tana shekara 17, a lokacin da shiga NEPU ke jawo wa namiji ma duka da ɗauri, ba a daɗe ba kuma ta zama shugabar mata a reshen Sabon Garin Zariya. A nan sunan Sawaba ya bi ta. Mutanen Tasawa da Mayahi ba baƙin wannan kalma ba ne, domin ita ce jam'iyyar Djibo Bakary ta ɗauka a Nijar kafin a haramta ta a 1959.

Ta yi tattaki har Abekuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti, matar da ta haɗa kan matan kasuwa suka ƙi harajin da aka ɗora musu, har Sarkin Abekuta ya sauka daga karaga a 1949. Da ta dawo sai ta riƙa bi gida-gida tana shiga wajen matan kulle inda maza 'yan siyasa ba su isa su shiga ba. Abin da take nema a fili yake: a daina aurar da yarinyar da jikinta bai ƙosa ba, a daina aikin tilas da harajin zalunci, a sa 'ya'ya mata makaranta, a kuma bar mace ta jefa ƙuri'a.

Ta biya wannan magana da jikinta. A Kano aka fara kama ta tare da matan da ta tara, aka ɗaure ta, daga baya ma aka kore ta daga birnin. Masu rubuta tarihinta sun ƙirga ɗauri sau 16. An yi mata bulala a bainar jama'a, an aske mata kai da fasasshiyar kwalba, 'yan banga sun zubar mata da haƙora. Azabar da ta sha ta kai ga sai da likitoci suka cire mata mahaifa don a ceci ranta. Duk da haka, in ta fito yau, gobe tana kan dandamali.

Matan Nijar sun sami 'yancin zaɓe tun 1956, amma matan Arewacin Nijeriya sai a 1976 aka ba su, wato matar Tasawa ta riga matar Zariya jefa ƙuri'a da shekara 20. Gambo ta ga wannan rana da idonta. A Jamhuriya ta Biyu ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim. Gidanta na Zariya kuwa bai taɓa rabuwa da marayu da marasa lafiya da matan da aka koro daga ɗakunansu ba. Ta rasu a Zariya a watan Oktoban 2001, ba ta bar dukiyar a zo a gani ba.

Ƙuri'a ta samu, amma maganar lafiyar 'ya mace har yanzu da saura. Binciken lafiyar iyali da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna 76 cikin 100 na mata an aurar da su kafin su cika shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa, inda Tasawa da Mayahi suke, abin ya kusa 9 cikin 10. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, in naƙuda ta yi kwana biyu ko uku, kan jariri yakan danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu ya huje. Galibi jaririn ba ya zuwa da rai, ita kuma a bar ta da fitsari yana zuba dare da rana. Daga nan sai saki, sai ƙyama, ko ƙosai ta soya babu mai saye.

Ba ƙarancin shekaru kaɗai ke kawo wannan ba. Akwai nisan asibiti, da rashin kuɗin mota, da zaman jiran izinin maigida alhali yana can ci-rani. Tun 1946 tsarin mulkin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ɗauki lafiya a matsayin haƙƙin kowane mutum, mai kuɗi ko talaka. Gwamnatin Nijar ta ayyana aikin fiɗa na ciro jariri kyauta a 2005, sannan awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2006. Yoyon fitsari kuma yana warkewa. Ana ɗinke shi a Danja kusa da Maraɗi tun 2012, da Babbar Ruga a Katsina, da asibitin da ke ɗauke da sunan Gambo a Zariya.

Don haka, uwargida mai rumfa a kasuwa, akwai abin da ke hannunki. In za ki zuba adashi don kayan ɗakin 'yarki, ki ware na motar asibiti. Ki nemi surukinki ya ba da izinin fita tun ciki yana ƙarami, kada a tsaya nemansa a waya ranar naƙuda. In rana ta fito ta faɗi mace tana kan gwiwa, a ɗauke ta zuwa asibiti. In kuma kin san wata da aka ɓoye a ƙuryar ɗaki saboda zarni, ki gaya mata inda ake ɗinki, ki raka ta in da hali. Irin wannan shiga faɗan da ba naka ba shi ne abin da Hajiya Gambo ta yi tun tana yarinya har ta koma ga Mahaliccinta.

Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya sauki masu ciki lafiya, amin.