Lewis Latimer: Masinjan da ya zama gwanin takardun haƙƙin ƙirƙira a Amurka

Ranar 14 ga Fabrairu, 1876, takardu biyu suka isa ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka da ke birnin Washington, dukansu a kan na'urar da za ta ɗauki muryar mutum ta cikin waya. Ɗaya ta Alexander Graham Bell ce, ɗayar kuma ta Elisha Gray. Ta Bell aka amince da ita, aka ba shi takardar haƙƙin ƙirƙira mai lamba 174,465 a ranar 7 ga Maris na wannan shekara, duniya kuma ta san shi a matsayin wanda ya ƙirƙiro wayar tarho. Zanen da ya raka takardar Bell kuwa, aikin wani baƙar fata ne ɗan shekara 27 mai suna Lewis Howard Latimer, wanda bai taɓa shiga jami'a ba, iyayensa kuma bayi ne da suka tsere daga hannun ubangijinsu.

An haifi Latimer ranar 4 ga Satumba, 1848, a garin Chelsea da ke jihar Massachusetts, shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu. Shekara shida kafin haihuwarsa, mahaifinsa George da mahaifiyarsa Rebecca suka gudo daga Norfolk ta jihar Virginia zuwa Boston. Ba su daɗe da sauka ba aka kama George, ubangijinsa James Gray ya biyo sawu yana neman a mayar masa da shi. Masu yaƙi da bauta, cikinsu har da Frederick Douglass da William Lloyd Garrison, suka tashi tsaye, gari ya ɗauki zafi, daga ƙarshe aka tara dala 400 aka fanshe shi. Wannan shari'a ce ta sa jihar Massachusetts ta kafa doka a 1843 wadda ta hana jami'anta taimakawa wajen kama bayin da suka tsere.

Fansar ba ta kawo wa gidan kwanciyar hankali mai ɗorewa ba. A 1857 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Dred Scott cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, ba da jimawa ba kuma George ya bar gida, Lewis yana ɗan kimanin shekara goma. Ɗawainiya ta koma kan uwa, yaron ya shiga neman na kai, har ya yi tallar jaridar Garrison mai suna The Liberator a titunan Boston. A 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya shiga sojan ruwa na ɓangaren Arewa yana da shekara 16, ya yi aiki a jirgin yaƙi mai suna Massasoit, aka sallame shi a 1865.

Da ya dawo Boston, sai ya sami aikin masinja a ofishin lauyoyi na Crosby da Gould, a kan dala uku a mako. Sana'ar ofishin ita ce shirya wa masu ƙirƙira takardun neman haƙƙin abin da suka ƙera. Ka'idar wannan haƙƙi yarjejeniya ce tsakanin mutum da hukuma. Mai ƙirƙira zai bayyana sirrin abin da ya ƙera filla-filla, yadda duk wani masanin wannan fanni zai iya bin bayanin ya haɗa irinsa. Hukuma kuma za ta hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izininsa ba har zuwa wani wa'adi, wanda a Amurka ta wancan zamani shekara 17 ne. Idan wa'adin ya cika, abin ya zama na kowa.

Saboda haka takardar tana tsayawa ne a kan abubuwa uku: bayanin na'urar, da jerin sassan da mai ita yake iƙirarin sababbi ne, da zane. Zanen shi ne idon mai tantancewa. Kowace kusa, kowace ƙafa mai haƙora, kowane bututu sai an nuna shi daga sama da gefe da ciki, an sa masa harafi, harafin kuma ya dace da abin da aka rubuta a bayani. Kuskure ɗaya kan sa a mayar da takarda, ko kuma ya zama ƙofar da abokin gaba zai bi ya rushe ta a kotu bayan shekaru.

Latimer ya zuba ido yana kallon masu zanen ofishin. Da ɗan abin da yake samu ya sayi tsofaffin kayan zane da littattafai, yana koya wa kansa da dare a gida. Da ya ga hannunsa ya faɗa, ya nemi a gwada shi, iyayen gidansa suka ga aikin ya yi. Sannu a hankali ya zama shugaban masu zane, albashinsa ya kai dala 20 a mako. Shekara da shekaru yana zana tunanin wasu, na injinan masana'antu da na kayan amfanin gida, har ya gane yadda ake mayar da dabara ta zama takardar da doka za ta kare. A 1874 ya sami takardarsa ta farko, tare da Charles Brown, a kan ingantaccen banɗaki na jirgin ƙasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da a 1858 babban lauyan gwamnatinta ya bayar da fatawar cewa ba za a yi rajistar abin da bawa ya ƙirƙira ba. A 1873 ya auri Mary Wilson Lewis, suka haifi 'ya'ya mata biyu, Emma Jeanette da Louise Rebecca.

A wannan ofishi ne aikin Bell ya same shi. Bell malamin kurame ne da rana, don haka sai dare suke zama, shi yana bayani, Latimer yana zanawa, lokaci kuma yana ƙurewa. Takaddamar da ta biyo baya a kan wane ne ya riga wani tsakanin Bell da Gray ta ɗauki shekaru a kotuna, amma takardar Bell ta tsira, ta kuma zama ɗaya daga cikin mafiya daraja a tarihin kasuwancin Amurka.

A 1880 Latimer yana zaune a Bridgeport ta jihar Connecticut lokacin da Hiram Maxim ya ga zanensa ya ɗauke shi aiki a kamfanin United States Electric Lighting Company. Wannan Maxim shi ne wanda daga baya ya ƙera bindigar nan mai aman harsashi da ke ɗauke da sunansa, irin wadda sojojin Birtaniya suka yi amfani da ita a Kano da Sakkwato a 1903. A lokacin, kamfaninsa yana gasa ne da na Thomas Edison, wanda ya karɓi takardar ƙwan lantarkinsa a Janairun 1880.

Matsalar ƙwan lantarki a wancan lokaci ita ce siririn zaren da ke cikinsa, wanda yake yin haske idan wuta ta ratsa shi. Ana yin sa ne da takarda ko zare ko gora, a gasa shi a wuta mai tsanani har ya zama gawayi. Wajen gashin, zaren kan lanƙwashe, ko ya manne da mazubi, ko ya karye, sai a yi asarar da yawa, waɗanda suka tsira kuma ba su cika daɗewa ba. Latimer ya samo dabarar sa zaren cikin ambulan na kwali kafin a gasa, yadda zai riƙe siffarsa, ya fito lafiya. An ba shi takardar wannan hanya mai lamba 252,386 a ranar 17 ga Janairu, 1882, bayan wata da ya samu a 1881 tare da Joseph Nichols a kan yadda ake haɗa zaren da wayoyin ƙwan. Akan ji ana cewa Latimer ne ya ƙirƙiro ƙwan lantarki, wannan kuwa ƙari ne a kan gaskiya. Abin da ya yi shi ne gyara hanyar sarrafa zaren don ya yi ƙarko kuma ya yi araha, a daidai lokacin da tsadar ƙwan ce take hana shi shiga gidajen jama'a.

Kamfanin ya tura shi kula da kafa fitilun lantarki a New York da Philadelphia da Montreal ta ƙasar Kanada, inda ya koyi Faransanci don ya riƙa yi wa ma'aikata bayani da harshensu. Daga nan aka aika shi Landan ya kafa sashen ƙera ƙwan lantarki, ya koya wa Turawan Ingila aikin tun daga hura gilashi, wasunsu kuwa ba su ji daɗin karɓar umarni daga baƙar fata ba.

A 1884 ya koma ɓangaren Edison a New York. A nan ne ilimin da ya tara tun yana masinja ya yi rana. Kamfanoni da dama suna ƙera ƙwan lantarki, Edison yana cewa hakkinsa suke ci, su kuma suna cewa takardarsa ba ta da tushe. Latimer ya zama shugaban masu zane a sashen shari'a, yana binciken tsofaffin takardu na Amurka da na Turai, yana fassara na Faransanci da Jamusanci, yana shirya zanen da za a nuna wa alƙali, yana kuma tsayawa a kotu a matsayin masani mai bayar da shaida. Babbar shari'ar ita ce wadda aka yi da tsohon kamfaninsa na Maxim. A 1891 kotu ta tabbatar da takardar Edison, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta amince da hukuncin a 1892. A tsakanin haka, a 1890, ya wallafa littafi mai suna Incandescent Electric Lighting, wanda ya bayyana tsarin hasken lantarki na Edison da harshe mai sauƙi.

Ayyukan ofis ba su hana shi nasa ƙirƙire-ƙirƙiren ba, kuma yawancinsu na bukatun yau da kullum ne. A 1886 ya yi rajistar na'urar sanyaya ɗaki da tsabtace iskarsa, wadda ya yi nufin ta amfani marasa lafiya. A 1896 ya fito da maratayin huluna da kwat da lema mai makulli, don otal-otal da gidajen abinci inda ake yawan ɗauke wa mutane kaya. A 1905 ya ƙara da abin tokare littattafai a kan kanta.

Da kamfanonin General Electric da Westinghouse suka gaji da kai juna kotu, suka kafa hukumar haɗin gwiwa a 1896 don kula da takardunsu, Latimer ya yi mata aiki har aka rushe ta a 1911. Bayan nan ya ci gaba da bai wa lauyoyi shawara a kan takardun ƙirƙira a New York. A 1918 aka kafa ƙungiyar Edison Pioneers ta waɗanda suka yi aiki da Edison tun farkon tafiya, shi kaɗai ne baƙar fata a cikin waɗanda suka assasa ta.

A gidansa da ke unguwar Flushing a Queens, Latimer mutum ne mai busa sarewa da goga goge irin na Turawa, yana zanen hotuna, yana kuma rubuta waƙoƙi, waɗanda aka tattara aka buga a 1925. Ya koyar da Turanci da zanen injina ga baƙin haure a cibiyar Henry Street Settlement, wato ya bai wa wasu a aji abin da shi ya tsinta ta hanyar leƙen kafaɗar ma'aikata. Matarsa Mary ta rasu a 1924, lafiyarsa ta yi ta raguwa, ya rasu ranar 11 ga Disamba, 1928, yana da shekara 80.

Zaren gawayin da ya gyara ya daɗe da barin kasuwa, tun da aka koma amfani da ƙarfen tungsten a farkon ƙarni na 20. Gidansa kuwa saura kaɗan a rushe shi, sai jama'a suka tashi, aka ɗauke shi ɗungurungum a 1988 zuwa wani fili a nan Flushing, inda yanzu yake a matsayin gidan tarihi. A 2006 aka shigar da sunansa cikin zauren karrama masu ƙirƙira na ƙasar Amurka, shekara 130 bayan daren da ya zauna yana zana wa Bell wayar tarho.