Hasan Ibnul Haisam, Malamin Da Ya Bi Sawun Haske

Duk yaron da ya shiga makarantar sakandare ya zauna a darasin kimiyya, ba zai rasa ganin malaminsu ya tsoma sanda cikin ruwa ba, ta bayyana kamar ta karye daidai inda ta shiga, alhali kuwa lafiyarta lau. Haka nan za a nuna masa madubi iri biyu, ɗaya mai zurfi kamar cikin ƙwarya, ɗaya mai doro kamar bayanta, a ce ya zana hanyar da haske ke bi idan ya faɗa musu. Sunayen da zai ji a wurin galibi na Turawa ne. Amma mutumin da ya tattara wannan fanni, ya tsara shi a kan gwaji da lissafi shekaru kusan dubu da suka wuce, Musulmi ne mutumin Basra, wanda ya ƙare rayuwarsa yana juyar littattafai a bakin Masallacin Azhar don ya sami abin sakawa a bakin salati.

Sunansa Abu Ali, Hasan ɗan Hasan ɗan Haisam. An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 354 bayan Hijira, watau 965 ta Miladiyya. A wannan zamani Halifan Abbasiyya yana nan a Bagadaza, amma suna kawai gare shi, mulki yana hannun sarakunan Buwaihi. Duk da rikicin sarauta, kasuwar ilmi tana ci, domin an riga an fassara littattafan Yunanawa zuwa Larabci tun zamanin Halifa Ma'amun. A cikinsu ya tashi, ya sha handasar Uƙlidis da ilmin taurari na Baɗlimus da likitancin Jalinus, har sunansa ya ƙetare Iraƙi.

Labarin zuwansa Masar, Ibnul Ƙifɗi ne ya kawo shi, marubucin tarihin masana wanda ya rasu a 1248. Rayuwar Masar duka a kan ambaliyar kogin Nilu take. Idan ruwa ya kai kamu 16 a ma'aunin da ke tsibirin Rauda, an sami shekara. Idan ya gaza a yi fari da yunwa, idan ya zarce ya cinye gonaki da gidaje. Sai aka kai wa Alhakim bi Amrillahi, sarkin Faɗimiyya, labarin cewa akwai wani masani a Iraƙi da ya ce da yana Masar, da ya yi wa Nilu aikin da za a riƙa amfana da shi ko ya cika ko ya janye. Baki shi ke yanka wuya. Alhakim ya aika masa da dukiya ya kira shi, ya kuma fita da kansa ya tarye shi a wani ƙauye da ake kira Handaƙ a bayan Alƙahira.

Wajibi ne mai karatu ya san ko wane ne wannan sarki, don ya gane irin tsinin da malamin ya taka. Alhakim ya hau mulki a 996 yana ɗan shekara 11. Shi ne ya kafa Darul Ilmi a Alƙahira a 1005, ya zuba littattafai ya buɗe wa kowa. Shi ne kuma ya kashe waziransa da alƙalansa da manyan ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya, ya riƙa fito da dokoki masu ban mamaki, har ya hana cin muluhiyya, watau ganyen lalo da ake miya da shi. Wanda ya kusance shi da safe ba ya da tabbacin kaiwa yamma.

Ibnul Haisam ya ɗauki magina da ma'aikata suka nufi kudu bakin kogi. Tun a hanya gabansa ya soma faɗuwa, ganin gine-ginen mutanen da da ƙwarewarsu a handasa, ya ce a ransa da abin nan mai yiwuwa ne da waɗannan ba su bar shi ba. Da ya isa wurin da ake kira Janadil, kudu da Aswan, inda ruwa ke gangarowa ta cikin duwatsu, ya duba gaɓar nan da waccan ya auna, sai ya tabbata abin da ya zana a Basra ba zai zauna a nan ba. Gani ya kori ji. Hanya biyu ke gabansa: ko ya soma aiki ya riƙa cin kuɗin baitulmali yana jan lokaci, kamar yadda mai kwangila marar tsoron Allah zai yi, ko ya koma ya faɗa wa sarkin da ke kisa a kan abin da bai kai wannan ba cewa ya kasa. Ya zaɓi ta biyu. A nan ne halinsa ya fito fili, kuma shi ne halin da za a sake gani cikin littattafansa. Ba a tare Nilu a Aswan ba sai a 1902, babbar madatsar kuwa sai a 1970 aka gama ta, da injuna da kayan aikin da babu su a zamaninsa.

Alhakim ya nuna kamar ya karɓi uzurinsa, ya ba shi wani muƙami a ofisoshin mulki. Ya karɓa don tsoro, ba don so ba. Da ya ga takobi na yawo a kan abokan aikinsa, sai ya tsiri haukan ƙarya. Aka ƙwace dukiyarsa aka ajiye, aka tsare shi a gidansa, aka sa mai yi masa hidima. Ba za a zarge shi a kan wannan dabara ba, domin shari'a ta yi rangwame ga wanda ya ji tsoron halaka a hannun azzalumi. Haka ya zauna har watan Shawwal na shekara ta 411, watau 1021, lokacin da Alhakim ya hau jakinsa da dare ya nufi dutsen Muƙaɗɗam, ba a sake ganinsa ba. Nan take mahaukaci ya warke. Aka mayar masa da kayansa, ya tare a wata ƙubba a ƙofar Azhar, bai sake neman aikin sarauta ba. An ruwaito cewa kowace shekara yakan juya littafin Uƙlidis da Almajisɗi na Baɗlimus da tarin littattafan da ake karantawa tsakaninsu, da kyakkyawan rubutunsa, a saya a kan dinari 150, su ne cinsa da shansa har shekara ta zagayo.

Babban aikinsa shi ne Kitabul Manaziri, mai maƙala 7. Kafin shi, Uƙlidis da Baɗlimus sun tafi a kan cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abin da ake kallo. Shi kuwa ya tabbatar da cewa haske daga abin yake tasowa ya shigo ido. Daga cikin hujjojinsa akwai abin da kowa ya sani: wanda ya kalli rana idonsa zai yi zafi, wanda kuma ya daɗe yana kallon abu mai tsananin haske, ko ya rufe ido zai ci gaba da ganin alamarsa. Wannan ya nuna ido karɓa yake yi. Sa'an nan ya jera fitilu a waje da wani ɗaki mai duhu wanda aka huda ƙaramar kafa a jikinsa, kowace fitila ta jefa nata haske a bangon ciki daidai da saitinta. In aka rufe ɗaya, nata kaɗai ke ɓacewa. Da haka ya nuna haske a miƙe yake tafiya, kuma haskoki suna ratsa kafa ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba. A kan wannan asali aka gina akwatin ɗaukar hoto. Kalmar da yake kiran gwaji da ita ita ce i'itibari, tushenta ɗaya da ibra, watau abin lura da ake ƙetarawa da shi daga abin da aka gani zuwa abin da ba a gani ba.

Maƙala ta 4 zuwa ta 6 a kan madubi suke. Ya ƙera na'urar awo ta jan ƙarfe, ya gwada madubai iri 7: shimfiɗaɗɗe, da mai siffar ƙwallo, da mai siffar ganga, da mai siffar malfa mai tsini, kowane daga cikin ukun nan na ƙarshe da mai zurfi da mai doro. A dukansu ya tarar kusurwar da haske ya faɗo da ita daidai take da wadda ya koma da ita. A maƙala ta 5 ya tunkari wata mas'ala da har yau Turawa ke kira da sunansa. Ga fitila a wuri sananne, ga ido a wuri sananne, ga madubi mai siffar ƙwallo: a wane ɗigo ne na jikin madubin haske zai sauka ya komo cikin idon? Tambayar gajeruwa ce, amsar kuwa ta ci shafuka masu yawa na handasa mai wuya, kuma ya warware ta. Fiye da shekaru 600 bayansa, Huygens na ƙasar Holan ya sake zama a kanta yana neman hanya mafi sauƙi.

Ya kuma yi rubuce-rubuce dabam a kan madubai masu ƙonawa. Ɗalibi a yau ana koya masa cewa madubi mai zurfi yana tara hasken rana a rabin tazarar da ke tsakanin fuskarsa da cibiyar ƙwallon da aka yanko shi. Wannan gaskiya ne ga hasken da ya sauka kusa da tsakiyar madubin kawai. Ibnul Haisam ya nuna cewa wanda ya sauka can gefe ba ya haɗuwa da sauran a ɗigo ɗaya, kuma in ana son duka su taru wuri guda sai an sauya siffar madubin zuwa wadda masu handasa ke kira ƙaɗ'ul mukafi. Ita ce siffar farantin tauraron ɗan'adam da ake gani bisa rufin gidaje.

Maƙala ta 7 ita ce ta karyewar haske, wadda shi yake kira in'iɗafi, watau lanƙwasa, Larabawan yau kuwa suna cewa inkisari. Kalmarsa ta fi dacewa, domin hasken ba ya karyewa, hanya yake sauyawa. Ya gwada shigarsa daga iska zuwa ruwa, daga iska zuwa gilashi, da tsakanin ruwa da gilashi. In ya shiga a tsaye sak, wucewa yake yi bai karkata ba. In ya shiga a karkace daga jiki mai sauƙi zuwa mai kauri, sai ya lanƙwaso wajen layin da ke tsaye a kan fuskar ruwan; in fita yake yi, sai ya nisance shi. Shi ya sa kwabon da ke gindin kwano, wanda bakin kwanon ya tare, yakan bayyana da zarar an zuba ruwa, shi ya sa kuma kududdufi ke yaudarar mai wanka ya ga kamar ba zurfi. Dalilin da ya bayar shi ne haske yana ɗaukar lokaci a tafiyarsa, ko da yake ido ba ya riskar haka, kuma jiki mai kauri yana rage masa gudu. Awon zamani ya gaskata shi: kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa cikin iska, kusan 225,000 cikin ruwa, kusan 200,000 cikin gilashi.

A nan akwai wurin da masu yabonsa kan wuce gona da iri. Ƙa'idar lissafi ta karyewar haske, wadda littattafan makaranta ke jingina wa Snell da ya gano ta a 1621, Ibnul Haisam bai kai gare ta ba. Wanda ya riga Snell shi ne Abu Sa'ad Ibnu Sahal, wanda ya zana ta a Bagadaza wajen shekara ta 984, kuma ba a san da haka ba sai da masanin tarihin lissafi Rushdi Rashid ya bayyana rubutun a 1990. Haka kuma littafin nan na shafaƙi da alfijir wanda aka daɗe ana cewa nasa ne, an tabbatar a 1967 na Ibnu Mu'azu ne mutumin Andalus. Ya kuma yi kuskure a wurare. Ya ɗauka gani yana faruwa ne a ƙwayar nan mai kama da ƙanƙara da ke gaban ido, sai a 1604 Kepler ya nuna cewa sura tana sauka ne a tantanin da ke can baya, kuma a kife. Bayaninsa na bakan gizo ma bai yi daidai ba. Ba rage masa daraja ba ne faɗin wannan, domin shi da kansa ya rubuta littafi sukutum na shakku a kan Baɗlimus, malamin da ya fi kowa amfana da shi, yana bin kurakuransa ɗaya ɗaya. Ya kuma bar risala a kan fitar da alƙibla ta hanyar lissafi, abin da kowane gari mai nisa da Makka yake bukata.

Ya rasu a Alƙahira wajen shekara ta 430, watau 1040. Allah Ya ji ƙansa.

Abin takaici, littafinsa ya yi kusan shekaru 250 ba a ba shi haƙƙinsa ba a ƙasashen Musulmi, sai da Ƙuɗubuddin Shirazi ya nemo kwafinsa ya miƙa wa almajirinsa Kamaluddin Farisi. Kamaluddin ya yi masa sharhi mai suna Tanƙihul Manaziri, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya mai da shi kamar ɗigon ruwan sama, ya nuna haske yana lanƙwasa in ya shiga, ya komo daga bangon ciki, ya sake lanƙwasa in zai fita, da haka ya gyara bayanin bakan gizo. A Turai kuwa an fassara Manaziri zuwa Latin wajen shekara ta 1200, Roger Bacon da Witelo suka ɗora karatunsu a kansa, aka buga shi a birnin Basel a 1572. Sunansa Alhasan ya koma Alhazen a bakinsu, da wannan suna ne kuma suka kira wani rami da ke kusa da gefen gabas na fuskar wata.