George Washington Carver: Ɗan Bayin Da Ya Koya Wa Talakawa Raya Matacciyar Gona

A wannan makon filinmu na Tarihin Magabata ya leƙa ƙasar Amurka, domin kawo muku tarihin wani malamin gona baƙar fata da ya rasu fiye da shekara 80 da suka wuce.

An haifi George Washington Carver a wajajen shekarar 1864 a kusa da ƙauyen Diamond, cikin jihar Mizuri, lokacin da ake bautar da baƙaƙen fata. Yana jariri mahara suka sace shi tare da mahaifiyarsa. Shi an samo shi, ita kuwa ba a sake jin ɗuriyarta ba. Moses Carver da matarsa Susan, waɗanda suka mallaki uwarsa, su suka raine shi. Da yake yaro ne mai yawan laulayi, bai iya aikin ƙarfi ba, sai ya riƙa yawo a daji yana nazarin tsirrai, har maƙwabta suka fara kawo masa shuke-shukensu idan sun yi yaushi.

Neman ilimi bai zo masa da sauƙi ba. Wata kwaleji a jihar Kansas ta ba shi gurbin karatu ta wasiƙa, amma da ya je aka ga launin fatarsa, sai aka mayar da shi. Bai karaya ba. Ya yi wankau da ƙwadago, daga baya ya shiga Kwalejin Aikin Gona ta Iowa, inda ya sami digiri na farko a 1894, na biyu kuma a 1896.

A shekarar 1896 ɗin ce Booker T. Washington ya gayyace shi makarantar Tuskegee da ke jihar Alabama, domin ya shugabanci sashen aikin gona. Abin da ya tarar ya tayar masa da hankali. Shekara da shekaru ana noman auduga kaɗai a gona ɗaya, har ƙasa ta gaji, ruwan sama ya zaizaye ta, kwazazzabai suka tsattsaga gonaki. Yawancin manoma baƙaƙe ba su da gonar kansu. Haya suke yi, su ci bashi da damina, kaka ta yi mai gona ya kwashe amfanin. Takin zamani kuwa ya fi ƙarfin aljihunsu.

Carver ya gane cewa shawarar da ke buƙatar kuɗi ba ta da amfani ga wanda ba shi da su. Saboda haka ya nemi magani a cikin abin da manomi ke iya samu kyauta. Ya koya musu tara busasshen ganye, da lakar fadama, da kashin dabbobi, su bar su su ruɓe su zama taki. Ya kuma nuna musu sauya shuka: bana auduga, baɗi wake ko gyaɗa. Dalili shi ne, a jikin saiwar wake da gyaɗa akwai wasu ƙulle-ƙulle da ƙananan ƙwayoyin halitta ke zaune a ciki, suna jawo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. Ya ƙarfafa noman dankali da lambun bayan gida, da busar da abinci a ajiye, don iyali su ci daga gonarsu maimakon karɓar bashi a kanti.

Da ya ga manoma ba sa iya zuwa makaranta, sai makaranta ta je musu. A 1906 aka fara zagaya ƙauyuka da keken doki ɗauke da iri da kayan aiki, ana gwada musu a gonakinsu, domin gani ya kori ji. Ya rubuta ƙasidu 44 cikin sauƙin harshe. Ta 1916 ta ƙunshi hanyoyi 105 na sarrafa gyaɗa a ci.

Duk da haka, aikinsa bai fitar da kowa daga talauci ba. Wanda ke noma gonar haya ba shi da ikon zaɓar abin da zai shuka, kuma idan ya gyara ta, mai gona ne zai fi cin riba. Amma waɗanda suka sami damar bin shawararsa sun ga gonakinsu sun farfaɗo.

Carver ya shafe kusan shekara 47 a Tuskegee. Bai yi aure ba, kuma ya ba da dukiyar da ya tara domin ci gaba da binciken noma a makarantar. Ya rasu ranar 5 ga Janairu, 1943, aka binne shi kusa da Booker T. Washington.

'Yan'uwa ɗalibai, waken da Carver ya yi amfani da shi asalinsa daga nahiyarmu ta Afirka ne, kuma iyayenmu sun daɗe suna haɗa shi da gero da dawa a gona ɗaya. Idan mun je hutu, mu tambaye su dalili. Sannan mu dubi ganyen da muke sharewa muna ƙonawa kowace safiya a harabar makaranta: a rami ya kamata ya shiga, ya zama takin lambunmu.